Ɓera ya huda katangar da ke tsakaninku: yadda ake neman shiga gidan maƙwabci a gyara ba tare da an ɓata ba

Sana'ata gini, kuma a duk ayyukan da ake kirana a cikin Kano babu mai arha kamar toshe ramin ɓera a gindin katanga. Rabin buhun siminti, yashi baro biyu, 'yar tsakuwa, kafin azahar an wanke cebur. Sai dai babu aikin da ya kai shi jinkiri kafin a fara, domin baki ɗaya na ramin yana gidanka, ɗaya bakin kuma yana gidan maƙwabcinka, a bayan banɗakinsa ko ƙarƙashin akurkin kajin matarsa, wurin da baƙon namiji ba ya takawa. Na ga mutanen da suka daɗe suna cin tuwon dare tare a ƙofar gida sun koma gaisuwar ɗaga hannu a kan wannan. In ka bi diddigi, tun ranar da aka fara neman shigar aka ɓata lamarin.

Magidanci in aka ce masa "ɓerayen nan daga gidanka suke fitowa, ina so in shigo in duba", abu biyu yake ji. Na farko, an ce gidansa ƙazami ne, wato an zagi matarsa. Na biyu, ana so a leƙa masa cikin gida. Aikin da ke gabanka shi ne ka nemi abin da kake buƙata ba tare da ya ji ko ɗaya daga cikin biyun nan ba.

Fara sanin abin da ke damunka

Mutane suna haɗa komai su kira shi ɓera, alhali ba ɗaya ba ne, kuma ba kowanne ne ya shafi maƙwabci ba. Ƙaramin ɓeran ɗaka, wanda kashinsa bai wuce girman ƙwayar shinkafa ba, a bayan kabad ɗinka da cikin silin ɗinka yake haihuwa. Naka ne, kada ka kai ƙarar kowa. Babban ɓeran da ke bin kwata shi ne mai haƙa, yana bin bututun ruwan wanka da gefen shadda. Gafiya kuwa ba ta ɓoye aikinta, za ka wayi gari ka ga tulin sabuwar ƙasa a gindin bango, sabulu da cokali suna ɓacewa. Babbarta takan wuce kilo ɗaya, kuma ita ce mai rarake ginin ƙasa har ya zauna. Jaba mai dogon baki da wari ƙwari take ci, kyankyasai da makamantansu, ba ita ke fasa buhun masararka ba.

Da magariba ka tankaɗe toka a gindin katangar da bakin kwata, da safe sawu zai nuna maka inda ake shigowa da inda ake nufa. Duk ramin da ka gani ka cusa masa tsohuwar takarda. Wanda ka tarar an ture takardarsa shi ne mai rai, sauran tsofaffi ne. Yi haka dare biyu ko uku. Ka ɗauki hoton abin da ka gani da wayarka, amma ta ɓangarenka kawai. Kada ka taka bokiti ka leƙa ta saman katanga, kada kuma ka ɗaga waya sama ka ɗauko tsakar gidan mutum. Ranar da aka zauna gaban manya, wannan hoton shi zai mayar da kai mai laifi, a manta da zancen ɓera gaba ɗaya.

Sannan ka gyara naka. Hausawa suka ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Buhun dusa da ke jingine a zaure, kwanukan tuwo da ake bari sai da safe, tsabar da tantabaru ke zubarwa, famfo mai ɗiga, tarin itace da tsofaffin tayoyi a bayan ɗaki, duk gayyata ce. Hatsi ya koma cikin duro ko roba mai murfi, a ɗora a kan katako nesa da bango kaɗan. Shara ta fita kullum kafin dare. Wannan ba don ɓera kaɗai ba ne. In magana ta yi nisa aka turo masu dubawa, gida biyun za su shiga, kuma galibi da na mai ƙara ake farawa.

Kada ka ce za ka jira ka gani. Macen ɓera cikinta kusan mako uku ne, takan haifi shida zuwa goma a lokaci guda, 'ya'yan kuma cikin wata uku sun fara nasu.

Katangar ta wace ce?

Ka amsa wa kanka wannan kafin ka buɗe baki, domin a nan zancen ɓera ke juyewa ya koma rikicin iyaka, wanda ya fi shi muni nesa ba kusa ba. A tsofaffin unguwannin cikin birni, katanga ɗaya ce tsakanin gida biyu, kakanni suka gina, babu takarda. Wani lokaci dattawan layin sun san wanda ya tayar da ita, wani lokaci a duba wanda azararsa ko katakon rufinsa ke kanta. A sababbin unguwanni da aka yanka filoti, sau da yawa wanda ya riga gini ne ya ja katanga, na biyu ya zo ya jingina da ita. Akwai kuma inda kowa ya yi tasa aka bar ɗan siririn lungu a tsakani, wanda mutum ba ya iya ratsawa sai a karkace. Wannan lungun shi ne gidan ɓera na gaskiya: ruwan indararo yana zuba ciki, yara suna jefa leda da ɓawon rake, babu mai shara domin babu mai cewa nasa ne.

In katangar taka ce, abin da kake nema hanya ce kawai ta kaiwa ga bayan kayanka. In ta tarayya ce, kana iya neman a raba kuɗi, amma ni shawarata kada ka nema a zaman farko. Kuɗin bai kai abin da za ka rasa ba. In kuwa tasa ce zalla, to izini biyu kake nema, na shiga da na taɓa gininsa, sai ka ƙara sassauta murya.

Yadda ake tambaya

Je ka da kanka. Kada ka aiki yaro, domin yaro zai tsaya a tsakar gida ya ce "wai in ji Baba ɓerayenku sun dame mu", shi ke nan an gama. Kada ka tayar da maganar a majalisa ko a ƙofar masallaci mutane na ji, ko da cikin raha ne. Ka bari bayan la'asar ko bayan isha, ka yi sallama a ƙofar gidansa, ku keɓe. In ya girme ka, ka rage tsawo ka gaishe shi yadda ya kamata, ka tambayi iyali, sannan ka shiga magana.

Ka ɗora maganar a kan katanga. Ga kusan yadda nake gaya wa masu kirana su faɗa:

"Alhaji, wata 'yar alfarma na zo nema. Katangar nan tamu ta baya gindinta ya fara rarakewa, ɓera ya samu hanya yana kai da kawowa tsakaninmu. Na sa magini ya duba ta wajena, ya ce in ba a kama ta ɗaya gefen ba, damina na iya kwantar da ita. Ko za a taimaka a ba mu rana ɗaya, mutum biyu su shigo daga hantsi zuwa azahar? Kayan aiki da kuɗin leburori duk a wuyana. In kuma akwai maginin da ka fi sakewa da shi, shi za mu kira."

Duba abin da ke cikin maganar. Ba a ce ɓeran na wane ne ba, an ce yana kai da kawowa. An faɗi adadin masu shiga da lokacin fitarsu, don ya san abin da zai gaya wa mutanen gida. An cire masa tsoron kuɗi. An kuma ba shi zaɓin wanda zai taka masa gida, wanda shi ne abin da ya fi kwantar wa magidanci hankali. Ni kaina an sha janye ni daga aiki a kawo wani saboda haka, kuma ban ga laifin kowa ba. In ka ga yana jan jiki, ƙara masa da cewa kai ba sai ka shiga ba, magini da yaronsa sun isa, shi ya tsaya a kansu.

Zai iya cewa "bari in yi shawara da mutanen gida". Karɓi wannan da hannu biyu, amma kada ka tafi ba rana: "To Alhaji, in Allah ya kai mu Juma'a bayan an sauko sai in leƙo in ji." In ba ka sa rana ba, shawarar ba ta ƙarewa.

Akwai hanyar cikin gida, kuma sau da yawa ta fi ta zaure sauri. Matar maƙwabcinka ita ke kwana da ɓeran nan, ita yake ci wa gari da kayan miya, ita yake yaga wa atamfa a akwati. In matarka da ita suna shiri, ta shiga ta yi mata sannu da aiki, ta fara da kukan nata gidan: "Maman yara, ku ma kuwa suna damunku? Mu kam sun hana mu barci." Kafin ka je wa maigidan, an riga an yi maka rabin aikin. Amma in akwai tsohuwar tsama tsakaninsu a kan faɗan yara ko ruwan wanke-wanke, rufe wannan ƙofar, kada ka ko gwada.

In maigidan ya yi tafiya, jira shi, ko ka kira shi a waya ya wakilta ƙaninsa ko babban ɗansa. Kada ka karɓi izinin matar ita kaɗai ka shigar da maza, ko da ita ta ce a shigo. In gidan wadda mijinta ya rasu ce, bi ta hannun ɗan'uwanta ko mai unguwa.

Ranar aiki

A zo a kan lokacin da aka faɗa. A tura yaro ya sanar cewa maza za su shigo, a jira a zaure sai an ce bismilla. A bi hanya ɗaya zuwa gindin katangar, a kuma bi ta a fita. Nakan gaya wa leburorina tun a waje: ido a ƙasa, babu waya a hannu, babu neman ruwan sha, babu shiga banɗakin gidan. In aikin zai kai ga hawa tsani ko kan rufi, a sanar da gidajen da ke kewaye tukuna, domin daga sama ana hango tsakar gida uku ko huɗu. Kwaɓin siminti a yi shi a gidanka ko a waje, a riƙa shiga da shi a kwano. Abin da ka gani a cikin gidan, ko tarin shara ne ya kai gwiwa, ka bar shi a can. In matarka ta ji daga bakinka, gobe unguwa ta ji.

Wajen aikin kansa, kuskuren da aka fi yi shi ne toshewa kafin a rage ɓerayen. In ka rufe su da rai, ko su mutu a cikin bango wari ya hana gida biyu zama, ko su ɓullo ta wani wurin. A fara da tarko na kamar mako guda a gidajen biyu lokaci ɗaya. Babban ɓera yana tsoron sabon abu, don haka daren farko da na biyu a ajiye tarkon da abinci ba tare da an ɗana ba, sai ya saba. Busasshen kifi ko ƙuli-ƙuli sun fi komai jansa. A jingina tarkon da bango, domin gefen bango yake bi, ba ya ratsa fili. Gam yana kama ƙanana, amma babba yakan ja shi ya tafi, gafiya kuwa sai tarkon keji.

Bayan nan sai toshiya. A buɗe ramin a bi shi har inda ya tsaya, a cika da tsakuwa da fasassun kwalabe, a bi da kwaɓi mai ƙarfi, kwano ɗaya na siminti da uku na yashi. Inda gafiya ta saba, toshe baki ba ya wadatarwa, sai an haƙa gefen katangar kamar ƙafa biyu an zuba kankare, a ɗan fito da shi waje ta ƙasa yadda in ta haƙo za ta ci karo da shi. A ginin ƙasa kada a haƙe gindin gaba ɗaya a lokaci guda, musamman in an fara ruwa. A yi shi gaɓa-gaɓa, wannan ta kama kafin a buɗe ta gaba, in ba haka ba katangar da aka zo ceta ita za ta faɗo. A ginin bulo kuma a duba layin ƙarshe na sama. Sau da yawa ana barin ramukan bulon a buɗe a ƙarƙashin kwano, ɓera ya shiga ta ƙasa ya bi cikin bulon ya fito a silin. Bakin bututu da mafitar kwata a sa musu ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, wadda fensir ba zai ratsa ba. Ragar sauro ba ta kwana biyu a bakinsa. Ƙofar da ke da tazara a ƙasa a buga mata falankin ƙarfe.

In akwai lungu tsakaninku, a kwashe sharar, a yi masa daɓe da gangara zuwa kwatar waje, a sa 'yar ƙofa a bakinsa, kowa ya riƙe makulli ɗaya. Kada ka toshe shi da bulo kai kaɗai, domin ruwan saman maƙwabcinka ta nan yake fita.

Kafin a fita a share wurin tas, a mayar da akurki da tukwane inda aka same su. Da yamma ka koma ka yi godiya.

Maganar guba

Rigima ta biyu, wadda takan fi ta farko zafi, daga shinkafar ɓera take fitowa. Mutum ya gaji, ya saya a hannun mai talla, ya barbaɗa a gindin katanga ko ma ya wurga ta sama. Da safe kajin maƙwabciya shida sun mutu, ko kyanwa ta ci mushen ɓeran ta bi shi. Wannan in an yi sa'a ke nan. Yaro mai rarrafe ba ya bambanta ta da abinci. Guba ba ta tsallaka katanga sai da sanin mai gidan, kuma ko a naka gidan ka gaya masa ranar da ka sa, don a killace kaji da yara, domin ɓeran da ya ci a wajenka yana iya zuwa ya mutu a wajensu.

In dole sai an sa, a sayi mai suna da takarda a shagon magungunan noma, a zuba a cikin guntun bututu ko akwati mai ƙaramar ƙofa inda hannun yaro ba ya kaiwa. Irin wanda ke tsinka jini yana ɗaukar kwana uku zuwa bakwai kafin ya kashe, don haka kada ka ce bai yi aiki ba ka ƙara wani a kai. Fiya-fiya ba maganin ɓera ba ce. Ƙwayar nan da ake sa wa buhunan wake a sito kuwa, kada a kuskura a jefa ta a ramin da ke jikin ɗakin kwana. Iskar da take fitarwa tana bin rami, ba ta san iyakar gida ba, kuma tana kashe mutum. Duk wanda ake zaton ya ci guba a garzaya da shi asibiti tare da kwalin maganin, kada a tsaya ba shi manja ko madara.

Mushe kada a ɗauka da hannu. A sa leda a hannu ko a yi amfani da cebur, a binne da zurfi. Kashin ɓera kada a share shi a bushe ƙura ta tashi, a jiƙa shi da ruwan Hypo tukuna. Dalilin ba ƙyama ba ce kawai. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, wani ɓera mai nonuwa da yawa ke ɗauke da shi, yana bar shi a fitsari da kashi a kan abinci da kwanuka. Ya fi tashi da rani, kuma alamunsa na iya ɗaukar har kwana 21 kafin su bayyana. Wannan hujja ce da za ka iya kawo wa maƙwabci a hankali, a matsayin abin da ya shafi yaransa da naka. Kada dai ka mayar da ita barazana.

In ya ƙi

Kafin ka hau sama, tambayi kanka me ya sa. A abin da na gani, dalilan ba su da yawa. Wani kunya yake ji, bayan gidan ya lalace ba ya so a gani. Wannan ka ba shi siminti da kuɗin aiki ya sa a yi da kansa, kai ka gane an yi in toka ta daina nuna sawu. Wani yana tsoron in ka yi wa katangar filasta, gobe ka ce taka ce. Maganin wannan takarda: a rubuta cewa gyaran bai canja iyaka ba, bai canja mallakar katanga ba, ku sa hannu, shaidu biyu su sa. Wani kuwa tsohon haushi ne, motarka da ke tare masa ƙofa ko ruwan kwatarka da ke bi ta gabansa. Sai ka biya wancan bashin kafin a saurare ka.

In duk ba su yi ba, nemi mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, limamin masallacinku ko wani dattijon layin. Mutum ɗaya, ba tawaga ba. Ku je tare, kai ka yi shiru dattijon ya yi magana.

Daga nan sai mai unguwa. Gaya wa maƙwabcin da bakinka cewa za ka je, kada sammaci ya zo masa ba zato: "Alhaji, tunda mun kasa daidaitawa, zan roƙi mai unguwa ya shiga tsakani, ba ƙara ba ce." A gaban mai unguwa ka ce ranka ya daɗe, ka faɗi abin da ka gani a gidanka, abin da ka gyara, abin da ka nema da ranar da ka nema. Kada ka faɗi abin da kake zato yana cikin gidan wani. Mai unguwa yana da abin da kai ba ka da shi: zai iya tura wakilinsa ya shiga ya gani, kuma ba a cika rufe masa ƙofa ba. Abin da aka yanke a rubuta, da rana, ya buga hatiminsa. In ta gagare shi, shi zai miƙa ku ga dagaci. A Kano mutane da yawa kuma suna kai irin wannan ofishin Hisbah na ƙaramar hukumarsu don a yi sulhu.

In matsalar ta wuce rami ta zama tarin shara, shadda da ta fashe ko kwata da ta toshe, wannan aikin duba-gari ne, jami'an tsaftar muhalli da ke sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Doka ta ba su damar shiga su duba, su ba da takardar gargaɗi da wa'adin gyara, in an ƙi su kai kotu. Rubuta ƙorafinka, ka riƙe kwafi. Akwai kuma dabarar da ta fi wannan laushi: Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli da safe, ka sa mai unguwa ya ce layin gaba ɗaya za a yashe kwata a kwashe lunguna. In kowa ya fito da cebur, ba a nuna kowa da yatsa ba.

Ofishin 'yan sanda ban ba ka shawarar farawa da shi ba. Ba aikinsu ba ne toshe rami, kuma maƙwabcin da aka taɓa kiransa can ta dalilinka, 'ya'yansa ma sai sun riƙe abin.

Kotu ita ce ƙarshe, kuma kana da madogara in aka kai can. Hadisin "la darara wa la dirara", ba cuta ba cutarwa, shi ne tushen hukuncin maƙwabtaka a wajen malamanmu na Malikiyya. Risala ta kawo misalansa, har da hana mutum haƙa abin da zai cutar da maƙwabcinsa ko da a cikin mallakarsa ne. Muhtasar na Halil kuma ya faɗi ƙarara cewa ana hukunta wa mutum ya ba maƙwabcinsa izinin shiga don gyaran katanga da makamancinsa. Amma lura, alƙali ne ke hukuntawa. Ba kai za ka karanta ka ɗauko tsani ba. Aya ta 27 da ta 28 a Suratun Nur sun hana shiga gidan wani sai da izini, suka kuma ce in an ce ku koma, ku koma. A dokar ƙasa ma kutsawa gidan mutum laifi ne da ake gurfanarwa a kansa. Wanda ya haura katanga da dare don toshe rami, in aka yi ihun ɓarawo, ba lallai ya samu damar yin bayani ba. Haka nan ramuwa: toshe masa kwata, jefa masa mushen ɓera, watsa shara a ƙofarsa. Ranar da ka yi ɗaya daga ciki, ƙararka ta mutu, tasa ta fara.

Gidan haya da kango

In maƙwabcin ɗan haya ne, izinin shiga nasa ne, izinin taɓa gini kuma na mai gidan. Nemi biyun. Fara da ɗan hayar, ka karɓi lambar mai gidan ko mai kula da gidan a hannunsa, kada ya ji ka tsallake shi ka kai ƙararsa. In kai ne ɗan hayar, sanar da naka mai gidan kafin ka fasa ko bulo ɗaya, ku kuma yi magana a kan ko za a cire kuɗin daga haya. In injin niƙa ne ko shagon hatsi a jikin gidanka, toshiya ba za ta ɗore ba sai an yarda a kan sharar dusa kullum da ɗora buhuna a kan katako, don haka wannan shi za ka sa a rubuta.

Mafi wuya shi ne kango: gini da aka tsaya a linta, mai shi yana Abuja ko Legas, ko gidan gado da magada suka kasa rabawa, ciyawa ta rufe, unguwa ta mayar da shi bola. Babu ƙofa, babu mai hana ka, kuma shi ya sa mutane ke faɗawa ciki su yi abin da suka ga dama. Kango ma yana da mai shi. Mai unguwa ko dillalin da ya sayar da filin yawanci suna da lambarsa. A kira shi, a tura masa hoton wurin, a nemi ya amsa da saƙon rubutu ko na murya cewa ya yarda a share a toshe. A gidan gado a nemi babban magaji ko wanda kotu ta ɗora a kan dukiyar. In an yi nema an rasa, a shiga da rana tare da mai unguwa ko duba-gari da maƙwabta biyu, a tsaya a kan shara, sassabe da toshe ramuka, kada a rushe komai, kada a fitar da ko bulo ɗaya ko guntun rodi. A kuma hana zuba shara a wurin, in ba haka ba wata biyu ya koma yadda yake. Ka ajiye rasit ɗin siminti, sunayen waɗanda suka halarta, da hoton wurin kafin aiki da bayansa, domin ranar da mai kangon ya dawo, abin da zai fara tambaya shi ne wa ya taɓa masa gini.